Aska Mai Tsini

Ni 'yar wanzami ce, mijina kuwa bai gaji aska ba, ko ta wajen uwa ko ta wajen uba. Gara in fara da wannan, don duk abin da ya biyo baya daga nan ya taso. Babana shi ya yi wa rabin mazan unguwarmu a Gadarif aski, shi ya aske jariransu ranar suna. Na san kukan aska a kan dutse tun ban san dama da hagu ba. Da ya rasu, zabirarsa ta tafi garin Fau wurin ɗan ƙaninsa, saboda ni mace ce, yayana kuma ya riga ya zama direban tarakta, ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa yana shafa kan ƙatti ba. Ko ƙoƙon ruwan ban samu ba.

Mijina, wanda nake kira Malam, lauje ya sani. Duk kaka sai lorin masu manyan gonaki ya zo, a loda maza kamar buhuna, a kai su gonakin Simsim. Tarakta ta yi huɗa, ta yi shuka, amma yankan riɗi sai hannu. In ya nuna, kwana kaɗan ne, ko a yanke shi ko ya fashe ya zube ƙasa. Can za su zauna a kambo, bukkokin kara a tsakiyar daji, su sha ruwan da dabbobi ke sha. Shekara ashirin da ɗoriya yana wannan tafiya, yana dawowa baƙi ƙirin, gashi ya cika masa kai. Ni kuma ina bakin kasuwa ina yin kisra, wainar nan ta dawa mai faɗi, hayaƙi yana cin idona.

Shekarar da nake magana, ya dawo daga yankan bara da zazzaɓin da ya ƙi sauka. Kalazar aka ce. Ciki ya kumbura, ƙafafu suka zama kamar sillen kara. Wata da watanni ina jigila tsakanin asibiti da murhu, allura bayan allura, har na daina sanin wace rana ake ciki. Ya tashi dai, da sauran shan ruwa a gaba, amma in ya ɗauko bokiti daga ƙofa zuwa randa sai ya zauna ya huta. Likita ya faɗa a gabana, ba ɓoye-ɓoye, cewa in ya koma kambo ba da ƙafarsa zai dawo ba.

Damina na ja da baya sai ga wakilin mai gona yana bin gida gida yana neman hannu. Malam ya ba da sunansa. Ban sani ba, sai da na dawo daga kasuwa na tarar da shi a gindin darbejiya yana wasa lauje.

Na ce, "Malam, me zan gani haka?"

Ya ce, "Abin da kika gani. Asabar ta sama lori zai tashi."

Na dire kwanon da ke kaina har ya lotsa. Na faɗi maganganu, wasu ma ba na son tuna su. Na ce in mutuwa yake nema, ai tana zuwa har gida, ba sai ya hau mata lori ba. Ya bar ni na zazzage, don ya san halina, in na fara sai ta ƙare. Sannan ya ce, "'Yar wanzami, wata tara ina cin guminki. In na fita, maza sannu suke yi mini kamar mai jego. Ba ni da wata sana'a sai wannan."

Gaskiya ya faɗa, ni kuma na gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado ban ko cire tob ɗina ba, lafayar nan da muke naɗawa.

Sunan nan da yake tsokanata da shi, 'yar wanzami, shi ya tsaya mini a rai. Aski sana'ar zaune ce. Ba ta son ƙarfin ƙirji, hannu take so da haƙuri, shi kuwa Malam haƙuri kamar ya yi masa yawa. Washegari na ja akuyata ɗaya tilo na kai kasuwar dabbobi, ban yi shawara da kowa ba. Daga can na wuce neman aska.

Na fara da kantin wani Balarabe mai kayan waje. Ya fito mini da askar nan mai naɗewa, mai farar ƙota, tana sheƙi a cikin ɗan akwatinta. Ya ce da Larabci, "Ya hajja, wa za a gwangwaje? Ango ne?"

Na ce, "Ango ne, mai shekara hamsin."

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Na buɗe ta na hura mata huci, yadda babana yake yi, na ga hucin ya daɗe bai baje ba. Na ɗalle ta da farce ta yi ƙara siririya. Na ja bakinta a kan farcen babban yatsana, ta kama a wani wuri, ta zame a wani. Kyan ɗan maciji ke nan. Irin wannan ko a hannun gwani sai da lallashi, balle hannun da ya saba da lauje. Na mayar masa da abarsa, yana ta rantsuwa cewa daga bayan teku ta zo. Na ce to ta koma.

Sai na gangara maƙera, ina tsallake baƙar lakar nan tamu da ke cire wa mutum takalmi. Akwai wani tsohon maƙeri, abokin babana, wanda shi ne yake ƙera masa asake. A zamanin ya daina neman ƙarfe nesa. Faifan garmar tarakta in ya karye, wanda suke ce wa diski, shi direbobi ke kawo masa, ya yanka ya ƙera. Ya ce bai taɓa samun ƙarfe mai riƙe baki kamarsa ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya yi mini ta'aziyyar babana kamar jiya ya rasu, kullum haka yake yi.

Na ce, "Baba, aska nake so."

"Wa za ki saya wa, 'yata?"

"Malam."

Ya saki zuga-zugin ya dube ni. "Mijinki? Ikon Allah! Koyon aski da furfura?"

Na ce, "Da furfura, Baba. Ko aska ko lorin Simsim."

Bai sake tambaya ba, ya san ciwon da aka yi. Ya shimfiɗa tsumma ya jera guda uku. Ɗaya doguwa ce, ya ture ta gefe da kansa. Ya ɗauki ta biyu, gajeriya, mai kaurin baya, bakinta a miƙe, ƙarshenta a dunƙule ba tsini. Ya ce, "Wannan ce tasa. Tana da nauyi, ita za ta yi aikin, shi dai ya bi ta. Ɗan koyo ba bakin aska ke cin amanarsa ba, tsinin ne. Idonsa na tsakiyar aska, tsinin na can yana neman kunne."

Na san gaskiya ya faɗa. Wallahi na sani. Amma idona na kan ta ukun, siririya, mai tsini, sak irin ta babana. Kuma duk tsohon da ya taɓa zama gaban wanzami ya san aska marar tsini ta 'yan koyo ce, ita ake ba yara su fara. Na tuna yadda Malam ya ce ana yi masa sannu kamar mai jego. Yanzu kuma in sa shi ya zauna a bainar jama'a da furfurarsa, riƙe da askar yara? Zuciyata ta ƙi. Na ɗauki mai tsinin, na hura mata, hucin ya baje nan da nan. Na ja a farce, ta kama daga gindi har ƙarshe.

Na ce, "Wannan zan ɗauka."

Ya ce, "To kawo in ɗan kashe mata tsinin."

"Kada ka taɓa ta, Baba. Ni ma fa a gidan aska na tashi."

Ya girgiza kai ya ce, "Taurin kan ubanki kika ɗauko, ba hannunsa ba." Duk da haka ya ɗauko mini dutsen wasawa, mai laushi, ruwan toka, ya ce wannan kyautarsa ce ga Malam.

Sauran kayan ba su ba ni wahala ba. Na sayi ƙaramar zabira wurin dukawa, marar ado. Na sayi sabulu, da ƙoƙon ruwa, da ɗan dutsen shab na tsayar da jini. Ban sayi ƙaho ba, ban sayi kayan cire beli ba, waɗannan na masu gado ne, ban isa in sa shi a ciki ba. Sai da na iso ƙofar gida na tuna ban sayi fatar goge aska ba, ƙafata kuwa ta ce ba ta komawa.

Na shimfiɗa tabarma na jera masa kayan. Ya daɗe yana kallo. Ya ɗauki askar, ya juya ta, ya ce, "Ina akuya?"

Na ce, "Ga ta nan a hannunka."

Ya yi 'yar dariya marar daɗi. "'Yar wanzami, ko na iya, wa zai ba ni kansa?"

Na ce, "Ka iya tukuna."

Kwana biyar muka yi a kan duma. In na dawo daga kasuwa, ko ruwa ban sha ba, sai in shafe duman da kumfa in dafa shi a tsakanin gwiwoyinsa. Ranar farko ya kankare shi kamar mai fere. Da kafaɗa yake ja, yadda ya saba. Na yi ta ihu, "Haba Malam! Ba riɗi kake yanka ba! Kwantar da ita, ka ja da yatsu!" Maganar fata kuwa, da na ce na manta, sai ya buɗe tafin hannunsa. Shekara ashirin na lauje sun mayar da shi kirgi. Ya goga askar a kai, gaba da baya, ta fito tana cin gashin hannu. Wannan kaɗai ya ba mu dariya a makon nan.

Duk abin da na ji daga bakin babana na juye masa. A jiƙa kai sosai. A ja fata da yatsa kafin aska ta bi. Na kuma faɗa masa babbar dokar babana, wadda bai taɓa karyawa ba: in ka ɗora aska a kan mutum, ba ka tashi sai ka gama, ko da gobara ta kama gemunka. Wanzamin da ya bar kai rabi ya gama sana'a. A rana ta biyar kumfa kawai ke tashi, duman ko ƙwarzane babu.

Sai neman kai. Nan na ga duniya. Na bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, mutanen da babana ya aske su tun suna cikin zanen goyo. Wani ya ce jiya ya yi aski, gashi kuwa ga shi nan har ya rufe kunne. Wani ya ce Larabawa na cewa a kan marayu ake koyon aski, shi kuwa uwarsa tana da rai. Wani dattijo ya faɗa mini kai tsaye, shi ba ya miƙa wuyansa ga shigege. Tir! Yayana yana can garin Doka da taraktarsa. 'Ya'yanmu biyu mata ne, suna ɗakunansu, ba kuma a ce wa suruki ya kawo kansa a koya. Na dawo gida ƙafa duk laka, ban samo ko kai ɗaya ba.

Ranar Juma'a da yamma Malam ya rataye zabirar a ƙusa, ya ɗaure ƙunshin kayansa, ya soke laujen a ciki, ya ajiye a bakin ƙofa. Ya ce, "Kin yi ƙoƙari, Allah ya biya ki. Amma duma ba kai ba ne." Ƙarfin faɗa ma ya ƙare mini.

Ina da gashi a lokacin. Shi ne kaɗai abin da wuta da hayaƙi ba su cinye mini ba. Mai kitsona kullum sai ta yi mita wai yana gajiyar da yatsunta. Asabar da safe, Malam na dawowa daga masallaci yana shan shayi a tsakar gida, na shiga ɗaki na ɗauki almakashi. Ban tsaya tsefewa ba, na bi kitson ɗaya bayan ɗaya ina datsewa daga gindi. Na san malamai ba sa son mace ta aske kai. Na ce Allah ya ga dalilina. Na sauko da zabirar, na ɗebi ruwa a ƙoƙo, na fito ba ɗankwali, na zauna a kan kujera 'yar tsugunno a gabansa.

Kofin shayin ya kusa suɓuce masa. "Inna lillahi! Kin haukace?"

Na ce, "Na haukace. Ga kai. Ko ka gyara shi, ko in fita kasuwa haka in ce kai ka yi."

Ya dube ni, ya dubi ƙunshinsa a bakin ƙofa. Ya ce, "Lori fa yana hanya."

"To ka yi sauri."

Ni kuwa ba saurin nake so ba. Na ce ruwan ya yi sanyi, a ɗumama. Na ce kumfar ba ta isa ba, a ƙara. Ya goga askar a tafinsa, ya yi bismilla, ya dafa goshina da hannun hagu. Ja na farko na ji sanyin ƙarfe, na ji iska ta taɓa fatar da ba ta taɓa ganin rana ba, hawaye ya zo mini na maƙale shi. A hankali ya gama ɓangaren dama. Ya zagayo hagu, ya lanƙwasa kunnena da yatsa yadda na koya masa.

Daidai nan lori ya danna oda a bakin layi, don laka ba ta barinsa ya shigo. Hannun Malam ya zabura. Tsinin nan, tsinin da na hana a kashe, ya shige bayan kunnena. Ban yi ƙara ba, amma na ji jini yana bin wuyana yana shiga riga.

Ya ce, "Wayyo, na yanke ki!"

Wani daga cikin abokan tafiyarsa ya tsaya bayan danga yana kira, "Malam, fito mana! Lori ba ya jira!"

Na ce wa Malam, ban ɗaga murya ba, "Tashi ka tafi. Ka bar ni da rabin kai."

Oda ta sake tashi. Ina jin numfashinsa a ƙeyata, da ƙyar yake fita. Ya lalubo dutsen shab ya danna a wurin, zafin ya kai mini har haƙori. Sai na ji ya ɗaga murya ya ce, "Ku je! Ina da kai a hannu."

Na bayan dangar ya ce, "Kan wa?"

Malam ya koma kan aikinsa. Ya sake jiƙa wurin, ya ja fata, ya ɗora aska. Muna ji lorin ya yi gurnani ya tashi, ƙararsa tana nisa har ta ɓace. Ya gama tsaf, ya wanke mini kai, ya goge da gefen rawaninsa. Na ji daɗi, na ji kunya, na ji kamar in kwanta a ƙasan nan in yi barcin kwana uku.

Ya jawo dutsen da maƙeri ya ba shi, ya ɗiga ruwa, ya kafa tsinin askar a kai, ya yi ta gogawa har ya dunƙule. Askar 'yan koyon da na ƙi saya, ita ya mayar da ita da hannunsa. Ban taɓa komawa na gaya wa tsohon maƙerin ba, har ya bar duniya.

Kada a ce daga nan daɗi ya zo. Makonnin da suka biyo baya sun yi tsawo. Kullum ya ɗauki zabira da tabarma ya tafi gindin wata bishiya kusa da tashar lori, ya wuni, ya dawo ba wanda ya zauna gabansa. Magana ma da ƙyar yake yi mini, ina jin yana ganin na yi masa dabara, kuma na yi. Sai da aka gama yankan riɗi, lorori suka fara dawo da mutane daga Simsim, kowa da gashin kwana arba'in da ƙurar gona. Waɗannan ba su tambayi ɗan wa ne ba. Sun san shi, tare suka sha ruwan kambo. Suka riƙa zama ɗaya bayan ɗaya. Daga baya har dattijon nan mai maganar shigege ya zo ya miƙa wuyansa, ni kuwa ban yafe masa da wuri ba.

Ni dai na ɗaure ɗankwali tamau a ƙarƙashin tob, na ce wa mai kitso ciwon kai nake yi. Ko 'ya'yana ban gaya wa ba. Gashin ya fito daga baya, amma fari, gajere, bai sake kai kafaɗa ba. Malam kan dube shi wani lokaci ya kau da kai.

Shekara goma sha ɗaya ya yi a gindin bishiyar nan. Bai sake hawa lori ba. A ɗakinsa ya cika, a kan gadonsa, ina riƙe da ƙoƙon ruwa. Laujen yana nan soke a jinka har yau, tsatsa ta cinye shi.

Ranar zaman makoki maza suka cika ƙofar gida, mu mata muna ciki, zana ce kawai tsakaninmu. Ina jin su suna yabonsa. Wani ya ce hannunsa sanyi gare shi. Wani ya ce, "Ni abin da ya ba ni mamaki, mutum ya koyi aski da tsufa, amma bai taɓa fitar wa kowa jini ba. Ko sau ɗaya." Duk suka ce wallahi haka ne.

Na sa yatsa a ƙarƙashin tob ɗina, na lalubo tabon a bayan kunnen hagu. Ƙanwata da ke kusa ta ce, "Yaya, kanki ke ciwo?"

Na ce, "A'a. Gajiya ce."